'Yargoje da Ƙamshin Gidan Sarauta

Mai karatu, duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san ba a gabatar da tauraruwar labari sai an ambaci ƙamshinta. Kafin ta shigo falo turarenta ya riga ta sallama, kuma yawanci sunan turaren na Faransa ne ko na Dubai. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani turare da na shinshina a hannun wata 'yar'uwata, mai suna Changing Constance, mai ɗan yaji-yaji da ƙamshin itace. Kamfanin Penhaligon's na Landan, wanda ya samo asali tun 1870, shi ya fito da shi a 2018, cikin wani jerin turaruka da ya fara a 2016, inda aka ƙago wani gidan masu sarauta na Ingila, aka ba kowane ɗan gidan turarensa. Ita Constance an zana ta a matsayin 'yar gidan girma wadda ba ta bin abin da aka shata wa mata. Wato dai mace ce ta ƙirƙira, amma da labarinta ake sayar da kwalba.

Sai na ce a raina, mu da muke da irin waɗannan mata na gaske fa?

Mu leƙa Zamfara. Tarihin baka na gidan sarautar ya kawo sunan 'Yargoje cikin jerin sarakuna, ana kuma sanya zamaninta tsakanin 1310 da 1350. An ce ita ta tashi daga Dutsi, tsohuwar cibiyar Zamfarawa, ta koma Kuyambana da mulkinta, kuma har yau ana zancen fitilarta ta ƙarfe da maƙera suka ƙera mata. Ba matar sarki ba ce, ba uwar sarki ba ce, ita ce mai ƙasar. Bayan Gobirawa ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara wajen 1762, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. A can ne Bajamushen nan Kurt Krieger ya tattara labaran sarakunan, ya buga littafinsa na tarihin Zamfara a 1959.

To ina turare ya shigo? Ana danganta 'Yargoje da shugabancin bori, kamar yadda Innar Gobir ta riƙe shi a Alƙalawa har zuwa faɗuwar birnin a 1808. Bori kuwa ba ya yiwuwa sai da turare, domin da hayaƙinsa ake kiran iskoki, da shi ake yi wa marar lafiya magani. Saboda haka kasko da garwashi a hannun irin waɗannan mata kayan mulki ne, ba kayan kwalliya kawai ba.

Kayan haɗin ma suna da nasu tarihin. Wasu na gida ne, irin su kajiji da ake tonowa a fadama, da jibda da ake samu daga jikin tunkun juda. Wasu kuwa sai sun ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa kanumfari da lubban da jawi da man wardi cikin hajar da ake shigowa da ita. Kaya ne masu tsada, shi ya sa ƙamshin kanumfari da itace ya zama shaidar gidan da aka fito. Daga baya, a 1920, kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da Bint el Sudan, wanda muke kira Bintu Sudan, aka zo ana haɗa shi a Kano, ya shiga lefen talaka da na basarake.

Jihadi ya kawar da bori daga fada, amma bai kawar da jagorancin mata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jajis masu kai karatu ƙauyuka, tana ɗora masu malfa, wadda a da alama ce ta Inna. Turare kuma ya samu sabon matsayi: sunna ne, amma an hori mace kada ta fesa shi ta ratsa taron maza. Daga nan ƙamshi ya koma cikin ɗaki, ya zama sirrin da uwa ke ba 'yarta, kuma a wannan iyaka ce marubutanmu ke gwada hali: tauraruwar da ta fita tana ƙamshi, mai karatu ya san ta fara bijirewa.

Abin da ke ci mani rai shi ne, yau in an ambaci Anka da Bukkuyum, abin da ke zuwa zuciya shi ne gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara, sai kuma 'yan bindiga. Ƙasar Sarkin Zamfara da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Danko ta fi ƙarfin wannan suna. Tsofaffin da suka san labarin 'Yargoje, suka kuma san ma'aunin kajiji da kanumfari, suna ta ƙarewa, wasu kuma an tashe su daga garuruwansu.

Don haka ina kira ga marubutanmu, musamman mata. Wanda ba shi da Constance ya ƙago ta ya ci kasuwa da ita. Mu tamu tana cikin jerin sarakuna, jira kawai take a rubuta ta. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, amin.