Cefane ta intanet: yadda ake odar kayan babban kanti a kawo su har gida

Cefane ta intanet shi ne mutum ya zaɓi kayan abinci da na amfanin gida daga babban kanti ta salularsa, a haɗa su, a kawo masa har ƙofar gida. A Faransanci ana kiran sayen "courses en ligne", kawowar kuma "livraison à domicile". Waɗannan kalmomi ne mai saye zai riƙa cin karo da su, tunda galibin tallace-tallacen kantunan Nijar da Faransanci ake rubuta su. A zahiri aike ne, irin wanda aka saba yi wa yaron gida ko ɗan kabu-kabun unguwa. Bambancin shi ne a nan wanda aka aika baƙo ne, kuma sau da yawa kuɗi ne ke fara tafiya kafin ido ya ga kaya.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1984, a garin Gateshead na Ingila, wata tsohuwa mai shekara 72, Jane Snowball, ta yi odar kayan abinci daga kantin Tesco ta akwatin talabijin da aka haɗa da layin tarho. Ana lissafa ta cikin waɗanda suka fara saye daga gida ta na'ura. A Amurka kamfanin Peapod ya soma wannan sana'a a 1989, wani kuma mai suna Webvan ya zuba dukiya mai yawa a cikinta ya karye a 2001. A Faransa tsarin da ya fi karɓuwa shi ne "drive": mutum ya yi oda ta intanet, ya je da motarsa a loda masa. Annobar korona ta 2020 ce ta tura jama'a da yawa ga sayen daga gida, lokacin da aka taƙaita zirga-zirga a birane, har da Yamai.

Kai kaya gida-gida aiki ne mai cin kuɗi, ribar kayan abinci kuma siririya ce. A ƙarshen 2023 kamfanin Jumia ya rufe sashensa na kai abinci a ƙasashen Afirka bakwai, ciki har da Najeriya da Kodibuwa. Saboda haka duk kantin da ya ce kawowa kyauta ce, to ya riga ya cusa kuɗin babur da na mai cikin farashin kayan.

Yadda ake yinsa a biranen Nijar

Akwai kantunan da ke da shafi ko manhaja, inda mai saye ke ganin hoton kaya da farashi, ya jefa abin da yake so cikin "panier", wato kwando, sannan ya danna "valider la commande". A Yamai aka fi samun irin wannan. Abin da ya fi yawa a ko'ina, musamman a Maradi, Damagaram da Tawa, shi ne oda ta WhatsApp: kanti ya baza hotunan kayansa a Facebook ko a "statut", mai saye ya rubuta jerin abin da yake buƙata ko ya aika saƙon murya, a lissafa masa, a turo da kayan kan babur. Saƙon murya ya buɗe wannan ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba, amma yana da haɗarinsa, don abin da aka faɗa da baki yana da sauƙin musu. Bayan saƙon murya ya kamata kanti ya maido da lissafi a rubuce, kaya ɗaya-ɗaya da farashinsa, kafin a ce a taho.

Akwai kuma ƴan aike masu zaman kansu, waɗanda ba su da kanti. Su ake ba jerin kaya su shiga babban kanti ko kasuwa su sayo, a biya su ladan tafiya. Wurinsu rasit ɗin kantin da suka yi sayayya shi ne shaida, kuma tun kafin su tashi ake gaya musu su taho da shi.

Masu amfani da wannan hanya sun haɗa da ma'aikatan da ba sa tashi aiki sai yamma, da matan aure da ba sa fita kasuwa, da tsofaffi. Akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba: ƴan ci-rani da ke Abijan, Libiya, Aljeriya ko Faransa, waɗanda suka fi so a sauke buhun shinkafa da mai a gidan iyayensu maimakon a tura kuɗi su bi ta hannaye da yawa.

Abin da ake tanada kafin odar farko

Salula mai intanet da lambar da ake samu a kowane lokaci su ne farko. Sai hanyar biya. Kamfanonin salula suna da nasu asusun: Airtel Money, Moov Money, da Zamani Cash na kamfanin Zamani Telecom wanda ya gaji Orange a ƙasar. Kamfanonin tura kuɗi irin su NITA da Amana su ma suna da manhajojinsu. Ba kowane kanti ke karɓar duka ba, don haka ana tambaya tun da wuri, a kuma tambayi wa ke biyan kuɗin turawa ko na cirewa.

Kwatancen gida shi ne inda odar farko ta fi lalacewa. Titunan Yamai da yawa suna da lambobi a jikin bango, amma ba da su jama'a ke kwatance ba, kuma mai babur ɗin ma da wuya ya san su. A Maradi ko Damagaram cewa "Zariya" ko "Birni" kaɗai bai kai kowa ƙofar gida ba. Ana haɗa abu uku: sunan unguwa, wata alama da ba ta gusawa kamar masallaci, gidan mai ko makaranta, da launin ƙofa. Wanda ya iya tura "localisation" ta WhatsApp ya rage wa kansa kira biyar, da sharaɗin ya tura ta yana tsaye a cikin gidan, ba daga wurin aiki ba. A gidan da baƙo namiji ba ya wuce zaure, ana faɗin sunan wanda zai fito ya karɓa, a kuma bar kuɗin a hannunsa cif, domin masu kawo kaya ba safai suke yawo da canji ba.

Karanta farashi

Kasuwa da dala take ƙirga, salula kuwa da faran sefa take rubutawa. Dala ɗaya faran 5 ce. Abin da aka rubuta 250 F dala hamsin ne, 1.500 F kuma jika ɗaya da rabi. A rubutun Faransanci ɗigo ko tazara ke raba dubbai, waƙafi kuma ke nuna ɓangare: 12.500 F jika goma sha biyu da rabi ne, 1,5 L lita ɗaya da rabi. Haruffan TTC na nufin an riga an haɗa haraji, HT kuma ba a haɗa ba, kuma harajin TVA na gama-gari a Nijar kashi 19 cikin 100 ne.

Hoto ba ya nuna girma. Gwangwanin madara na giram 400 da na giram 900 kamarsu ɗaya a fuskar salula, haka buhun shinkafa na kilo 25 da na kilo 50. Nauyin da aka rubuta ake dubawa. Wanda ya saba auna hatsi da tiya sai ya saba da kilo, don babban kanti ba ya sayarwa da tiya, ba a taya kaya, ba a kuma yin gyara.

Kuɗin kawowa, "frais de livraison", shi ke nuna ko odar ta yi riba. Misali, idan jika ɗaya ne, wanda ya yi cefanen jika 5 ya ƙara kashi 20 cikin 100 a kan kayansa, wanda ya yi na jika 40 kuwa kashi biyu da rabi kacal ya ƙara. Tsarin ya dace da sayayyar wata ko ta mako biyu, bai dace da cefanen miyar yau ba. Maƙwabta biyu ko uku na iya haɗa oda su raba kuɗin. Nisa ma na ƙara shi: kaya daga tsakiyar Yamai zuwa Harobanda, ƙetaren kogi, ko zuwa unguwannin filin jirgi, ba za su zo a farashin Filato ba.

Farashin da ke jikin hoto na iya zama na watan jiya. Tun 2023, da aka rufe iyakar Benin, kayan waje da yawa ta tashar Lome da Burkina Faso suke biyowa maimakon Kotonu, hanyar ta yi tsawo, wasu kayan na yankewa. Idan abin da aka nema ya ƙare, "rupture de stock" ke nan, wasu kantunan kan sa makamancinsa ba tare da tambaya ba. Mai saye ne zai faɗa tun farko: ko a kira shi, ko a cire kayan daga lissafi.

Kayan da suka dace, da waɗanda ba su dace ba

Kayan da masana'anta ta rufe sun fi aminci: shinkafa, taliya, sukari, man girki, madarar gari, tumatirin gwangwani, sabulu, ruwan kwalba, ƙunzugun jarirai. Nauyinsu ma shi ne babban dalilin a biya wani ya ɗauko. Tumatir ɗanye, tattasai, albasar Galmi, nama da kifi kuwa kaya ne na ido da hannu, kuma har yanzu Katako, Wadata ko kasuwar Dole ta Damagaram sun fi babban kanti araha da zaɓi a wannan fanni. Wanda ke farawa ya bar su sai ya gwada kantin da busassun kaya sau biyu ko uku.

Kayan sanyi na da nasu hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuma yawut ɗin Solani ko na Niger-Lait, ko daskararriyar kaza, ba sa jure doguwar tafiya a bayan babur ba tare da akwatin ƙanƙara ba. Ana tambaya ko mai kawowa na da shi, a kuma zaɓi safiya. Kazar da ta iso da laushi, ko da jan ruwa daskare a gindin ledarta, alama ce ta taɓa narkewa, kuma ba a karɓa. Gidan da wuta ke yawan ɗaukewa bai kamata ya cika firigo da kayan wata guda ba.

Kwanan watan da ke jikin kaya iri biyu ne, kuma mutane da yawa na haɗa su. "À consommer jusqu'au" iyaka ce: bayan ranar, cin kayan na iya cutarwa, kuma a jikin yawut, nama da makamantansu ake ganinta. "À consommer de préférence avant" na nufin bayan ranar ɗanɗano ko ƙamshi na iya raguwa, kamar a taliya ko biskit. Kayan Najeriya da suka cika kantunan Maradi da Birnin Konni da Ingilishi ake rubuta nasu, galibi da haruffan EXP ko BB, tare da lambar hukumar NAFDAC. Ragin farashi mai yawa, "promo", sau tari na kayan da kwanansu ya kusa ne. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa ana maida shi ko da kwanansa da saura. A kayan Turai kuma ana duba jerin abin da aka haɗa, don kalmomin "porc", "lard" da "gélatine de porc" duk alade suke nufi, kuma wanda ke saye ta hoto ba ya iya juya kwali ya karanta, sai ya nemi a ɗauko masa hoton bayansa.

Biya da karɓa

A odar farko, hanya mafi aminci ita ce "paiement à la livraison": kaya su iso, a ƙirga, sannan a biya. Kantin da ke da mazauni sananne, wanda za a iya takawa a je, ya fi shafin da ba shi da komai sai lambar waya da kyawawan hotuna. Gab da azumi da salla ake samun shafukan bogi masu tallar sukari da mai a farashin da ko ɗan sari bai samu ba, su nemi a tura rabin kuɗi, su kashe waya. Idan dole ne a biya kafin kawowa, ana karanta sunan da ya fito a salula kafin a tabbatar da turawa, a kuma adana saƙon da ke ɗauke da lambar cinikin. Lambar sirri ta asusu ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kanti ko daga kamfanin salula yake kira. Babu cinikin da ke buƙatarta.

Ana buɗe kaya mai kawowa na tsaye. Minti biyar ɗin nan su ne kawai damar mai saye, don bayan babur ya tashi magana ta zama ta "ka ce, na ce". Abin da ya fashe ko ya ɓace a ɗauki hotonsa nan take a tura wa kanti. Mai babur ɗan aike ne, ba shi ya haɗa kayan ba, kuma yi masa faɗa ba ya dawo da gwangwani ɗaya. Ranar Juma'a da azahar, da la'asar ɗin azumi, da ranar da aka yi ruwan sama mai yawa a watan Agusta, jinkiri abu ne da aka saba.

Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015, da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, sannan hukumar HAPDP ce ke kula da kare bayanan mutane, kamar lambar waya da kwatancen gida da kanti ke riƙewa. Wanda aka damfara zai iya kai ƙara wurin ƴan sanda, kuma abin da zai tafi da shi shi ne saƙon tura kuɗi, lambar da aka tura wa, da hotunan hirar da aka yi.

Abu ɗaya da kantin intanet ba ya yi shi ne bashi. Mai kantin unguwa na rubuta sukari da sabulu a littafi har albashi ya fito, kuma yana yin haka ne ga wanda ke saye wurinsa da kuɗi a hannu lokacin da akwai. Gidan da ya kwashe duk sayayyar farkon wata ya kai intanet, ranar 25 ga wata wurin mai littafin nan zai koma.