Gidan Bialetti da Tarihin Butar Gahawa ta Moka

A shekarar 1933 ne Alfonso Bialetti, wani maƙeri a Crusinallo da ke arewacin Italiya, ya fito da Moka, butar dafa gahawa ta alminiyam mai kusurwa takwas. Sai dai cinikinta bai wuce kasuwannin yankinsu ba. Ɗansa Renato, wanda ya karɓi masana'antar a 1946 bayan zaman fursunan yaƙi a Jamus, shi ne ya yayata ta ta hanyar talla har ta game gidajen ƙasar. Hasali ma, zanen mai gashin bakin nan da ke jikin butar kamanninsa aka kwaikwaya. Ya sayar da kamfanin a 1986. Da ya rasu a 2016, cikin wata ƙatuwar Moka iyalinsa suka zuba tokar gawarsa suka kai coci.