Abubakar Imam: Jarida Ta Cinye Mana Mai Ba Da Labari

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san Waziri Aku, ko ya karanta shi a Magana Jari Ce, ko ya kalli wasan a NTA Kaduna lokacin su marigayi Ƙasimu Yero. Amma mai karatu, ka taɓa lura cewa shekarun da Alhaji Abubakar Imam ya yi yana ƙaga labari ba su taka kara sun karya ba?

An haife shi a Kagara a 1911. Yana malamin makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sanya gasar rubutun ƙagaggun labarai a 1933. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma ya aika da Ganɗoki. East ya ga hannun yaron nan daban yake, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya tare a Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Wata shida fa!

Masu yi wa 'yan fim ɗinmu gorin wankiya su sani Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Bambancin kawai, shi in ya ɗauko labari sai ya yi masa wanka, ya sa masa riga da rawani, har ka rantse a Katsina abin ya faru. Namu kuwa ko rawar ba sa canzawa.

To, a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe aikin shekara 12. Nan alƙalaminsa ya juya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar, sai shi ne mai bayyana wa talaka wane ne Hitila. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya ƙi sa hannu a takardarsu ta neman mulkin kai, don a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Tafiyar ce ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga jarida ya faɗa siyasa a 1951, daga nan sai aikin gwamnati da littattafan tarihi da na addini.

Ba na musun Arewa ta ci ribar editan. Amma ni dai da zaɓi na ne, da na bar wa wani kujerar, na mayar da Imam ɗaki ya ƙaro mana wani Malam Zurƙe. Ya rasu a Zariya a 1981, sama da shekara 40 bayan Aku ya rufe baki.