Haƙƙin Ma'aikatan Jami'o'i da Kwalejoji Idan Sun Samu Rauni ko Nakasa a Bakin Aiki

Da yawa daga cikin ƙananan ma'aikatan manyan makarantun Jihar Kano, kamar direbobi da masu gadi da masu shara da leburorin gona, mazauna karkara ne. Daga garuruwan Ungogo da Tofa da Dawakin Tofa suke sammako zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo, wasu kuma suna aiki a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Mafi yawansu a kan babur suke zuwa aiki, saboda haka haɗarin hanya ya fi kusa da su fiye da kowane haɗari na cikin ofis.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta shekarar 2010 ita ce ta tanadi abin da za a yi wa irin wannan ma'aikaci. Hukumar NSITF ce ke gudanar da asusun, kuma wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikacin dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki aka yi yarjejeniyar aikin.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, haɗarin da ya auku a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki ana lissafa shi a matsayin haɗarin aiki. Haka nan cutar da aikin ya jawo, da raunin ji, da taɓuwar hankali sakamakon wani mummunan abu da ya faru a bakin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai sake iya aiki ba, dokar ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kai a kai. Idan rasuwa aka yi, iyalan da yake ɗauke da nauyinsu ke karɓar diyya.

Sai dai akwai wa'adi, kuma a nan ne haƙƙin mutanen karkara ya fi salwanta. Wajibi ne ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da hukumar makaranta cikin kwana 14. Ita kuma ta kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya kafin shekara ta cika. A al'adarmu, wanda ya karye akan wuce da shi wurin mai ɗori, a yi ta jinya a gida wata biyu ko uku ba tare da takardar likita ko guda ba. Lokacin da za a tuna da maganar diyya, babu wata shaida a hannu. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su riƙa tunatar da iyalai su fara kai mai rauni asibiti, ko Babban Asibitin Bichi ko na Dambatta ko Asibitin Ƙashi na Dala, su kuma adana kowace takarda. Mai gadi ko mai shara da kamfanin kwangila ya ɗauka, ya bincika ko kamfanin ya yi masa rajista.

Kuɗin magani na yau da kullum wani tsari ne daban. Ma'aikatan makarantun tarayya suna ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022. Na makarantun jiha kuwa suna ƙarƙashin hukumar KSCHMA.

Ga wanda ya warke ya dawo aiki da nakasa, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a tauye shi saboda halin da ya shiga. Ta buƙaci hukumomin gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-ginen jama'a, yadda mai keken guragu zai iya shiga, ya cika tun Janairun 2024, ko da yake har yanzu akwai ofisoshin da sai an ɗauki mutum a hau da shi bene.