Yawan kalmar bincike

Suna, namiji. Adadin sau nawa kalmar da mutane ke nema a intanet ta fito cikin rubutu, idan aka auna ta da jimillar kalmominsa. Rubutu mai kalmomi 200 da ya ambaci "shinkafa" sau 4, yawanta kashi 2 cikin ɗari ke nan.

Ɗan kasuwar Talata Mafara mai tallata shinkafar noman rani zai iya zaton maimaita kalma ɗaya ne zai kai shi sahun gaba a Google. Wannan dabara ta tsufa. Ƙa'idojin Google sun lissafa cusa kalma barkatai cikin maguɗi, kuma tun 2013, da tsarin Hummingbird, injin ya fi bin ma'anar jimla.

Abin da ya fi masa amfani shi ne lura da yadda masu saye ke rubutu. Wani zai buga Bakolori, sunan madatsar da aka kammala a 1978, wani Bakalori. Wani zai nemi shinkafar Bakura ko Maradun, wani kuma shanshera. Da yawa suna rubuta "kasa" maimakon "ƙasa", domin wayarsu ba ta da haruffa masu lanƙwasa.