Hannuwan Kabon Huɗu da Tarihin Gyaɗar Ƙasar Katsina

A ƙauyukan Safana da Batsari, irin su Babban Duhu da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, kowace uwargida ta san man shanu yana daskarewa a ƙwarya da sanyin safiya, man gyaɗa kuwa yana gudana a kwalba. Wannan ɗan bambanci ya taɓa juya akalar noman ƙasar Hausa baki ɗaya.

A 1858 masanin sinadarai na Jamus, August Kekulé, ya bayyana cewa kowace ƙwayar kabon tana da hannuwa huɗu na riƙo. Kowane mai, na shanu ko na gyaɗa, yana ɗauke da dogayen sarƙoƙin kabon, haidirojin na rataye a gefensu. Idan kowane kabon ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya, sauran hannuwan kuma suka cika da haidirojin, sarƙar ta ƙoshi. Irin waɗannan sarƙoƙi miƙaƙƙu ne, suna jeruwa kamar kara a dami, shi ya sa man shanu ke daskarewa. A man gyaɗa kuwa, wasu kabon suna riƙe juna da hannu bibbiyu. Wurin nan sarƙar ke lanƙwasa, ta ƙi jeruwa, man ya zauna ruwa.

Turai ta daɗe tana neman abin shafa wa burodi mai araha. An ƙirƙiro majarin a Faransa a 1869, amma da kitsen shanu. A 1897 Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens suka nuna cewa ƙarfen nikel yana taimaka wa haidirojin ya shiga inda riƙon bibbiyu yake. A 1902 Wilhelm Normann ya yi rajistar hanyar yi wa man tsirrai haka har ya daskare. Daga nan masana'antun Ingila da Holan suka buɗe baki suna neman mai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai, sai manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, musamman da yake haraji da kuɗi ake biyan sa. Jakuna da raƙuma suka riƙa kwasar buhuna daga ƙasar Katsina zuwa Kano, inda 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna, dalar gyaɗa ta tashi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye gonaki a 1975 ne suka rushe wannan kasuwa.

Daga baya likitoci suka gano cewa daskarar da mai rabi da rabi tana haifar da wani kitse mai cutar da jijiyoyin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da shi daga abinci. Man da matan Batsari ke matsewa wajen tuyar ƙuliƙuli bai taɓa bi ta wannan injin ba. Da riƙonsa bibbiyu yake shiga tukunya, kamar yadda ya fito daga gona.