Jayakanthan: Marubucin Tamil da ya shiga fim da nasa sharaɗi

An haifi Dandapani Jayakanthan a ranar 24 ga Afrilu, 1934, a Cuddalore da ke Jihar Tamil Nadu ta yanzu, a kudancin Indiya. Karatunsa bai wuce firamare ba. Yana yaro ya bar gida ya nufi Madras, birnin da a yau ake kira Chennai, ya samu mafaka a ofishin Jam'iyyar Kwaminisanci ta Indiya. A nan da kuma maɗaba'ar jam'iyyar ya koyi abin da makaranta ba ta koya masa ba. Shi ya sa taurarin labaransa suka zama masu jan keke da 'yan ƙwadago da mazauna unguwannin marasa galihu, suna magana da irin Tamil ɗin da suke yi a titi.

Abin da ya fi tayar da ƙura a rayuwarsa gajeren labari ne, Agnipravesam, wanda mujallar Ananda Vikatan ta buga a 1966. Wani baƙo ne ya yi lalata da wata ɗaliba bayan ya rage mata hanya a motarsa. Da ta koma gida ta faɗa wa mahaifiyarta, sai uwar ta zuba mata ruwa a ka, ta ce ta tsarkaka, kuma kada kowa ya ji. Masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca. Maimakon ya nemi afuwa, sai ya sake labarin yadda suke so: a littafinsa Sila Nerangalil Sila Manithargal asirin yarinyar ya tonu, dangi suka juya mata baya, mai karatu ya ga abin da hakan ya jawo mata tsawon rayuwarta. Da wuya a samu martanin da ya fi wannan kaifi. Littafin ya ci kyautar Sahitya Akademi a 1972, kuma da aka mayar da shi fim, Lakshmi ta lashe kyautar jarumar da ta fi fice ta ƙasa.

Shi da kansa ya ba da umarnin Unnaipol Oruvan, labarin wata lebura da ɗanta, wanda ya zo na uku a gasar fina-finai ta ƙasa. A 1966 ya fitar da Yarukkaga Azhudhan, inda ya ba fitaccen ɗan barkwanci Nagesh rawar da babu dariya a cikinta.

An ba shi kyautar Jnanpith ta 2002, mafi girma a adabin Indiya, da lambar Padma Bhushan a 2009. Ya rasu a Chennai ranar 8 ga Afrilu, 2015.